Tsagar da Na Karanta a Tandabawi

Tun da na dawo daga Umara, duk wanda na haɗu da shi tambayarsa ɗaya ce: "Malam Sabo, yaya Makka?" Sai in ce alhamdu lillahi, in miƙa masa dabino, in jawo wata maganar. 'Yan majalisarmu ta ƙofar shagon Ɗanlami tela ne suka ƙi yarda da wannan amsar, don sun san halina. Shekara talatin da biyu ina koyar da tarihi a sakandare, ko Wudil na je na dawo sai na cika musu kunne kwana uku, amma ga shi na je Makka na dawo baki a ɗinke. Ɗanlami har tambayata ya yi ko ƙwace min harshe aka yi a filin jirgin Jidda. Da an ƙwace ɗin da ya fi min alheri. To, tunda kun dage, ga shi na rubuta, don in da baki zan faɗa ba zan kai ƙarshe ba.

Sai na fara gaya muku wanda na je gani bayan Ɗakin Allah. Kakanmu Malam Garba ya bar Kano da ƙafa lokacin mahaifina yana goye a bayan uwarsa, ya ce wa kakata zai je Hajji ya dawo. Ya bi ta Chadi da Sudan, yana tafe yana noma yana ɗinki, har ya isa Makka. Bai dawo ba. Can ya yi wani auren, ya haifi Baffa Usman, can kuma ya rasu. Kakata da kaɗi da ƙosai ta raini mahaifina a gidan ubanta. Baffa Usman bai taɓa taka Najeriya ba, amma tun da waya ta haɗa mu, duk Juma'a sai mun gaisa, kuma kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Sabo, yaya Kanonmu?" Haka yake faɗa, Kanonmu, da wani daɗi a bakinsa. Da ya ji zan zo, abu uku ya roƙa: kuka da daddawa, hular Kano, da hoton ƙofar gidan da mahaifinsa ya fito.

A filin jirgin Kano muka ɗaura harami. An ce za mu tashi da hantsi, ba mu tashi ba sai bayan la'asar, muna zaune a kan benci cikin tawul biyu, kowa yana dafe da ƙugunsa. Kusa da ni a jirgi wata Hajiya ce 'yar kasuwa, ta ce wannan ce tafiyarta ta goma sha ɗaya. Tun daga Kano har muka sauka tana koya min yadda ake rayuwa a Saudiyya, ba tare da na tambaye ta ba. Abu ɗaya na riƙe daga karatunta. Ta ce, "Malam, a can ka yawaita ji, ka rage faɗa." Na ce mata to, a raina kuwa ina cewa wannan ba ta san da wa take magana ba.

A Jidda na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar nawa. Jami'in ya danna babban yatsana, ya goge, ya sake dannawa, shiru. Na nuna masa da hannu cewa alli ne ya cinye shi. Bai gane ba, amma ya ɗauko wani mai ya shafa min, a karo na shida na'urar ta haƙura. Wajen duba kaya kuma ashe ledar daddawa ta fashe tun a hanya. Mutumin yana zuge jakar ya ja da baya taku biyu, ya toshe hanci, ya yi min nuni da in rufe in wuce. Duk abin da ke cikin jakar nan ya ɗauki ƙamshin miya, har da hular Baffa.

Masaukinmu a unguwar Misfala yake, mu huɗu a ɗaki. Akwai wani bawan Allah daga Gombe da ya ɗauki na'urar sanyaya ɗaki tamkar gadon ubansa. Ya ƙure ta, in rage, ya fita alwala ya dawo ya sake ƙurewa. Kwana biyu muna wannan yaƙin ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan, har mura ta kama mu duka biyun. A titin ƙasa kuwa Hausa kake ji ta ko'ina, mata masu sayar da abinci a kula, maza masu tura keken tsofaffi, sai ka rantse a Fagge kake in ba don dogayen benaye ba.

Ganin Ka'aba ba zan iya kwatanta muku ba. Addu'o'in da na rubuta a takarda duk sun gudu daga kaina, na tsaya ina kuka kamar yaro. Da na dawo hayyacina na roƙa wa iyayena, da 'ya'yana, da gwiwata mai ciwo, har da ku 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Ban tuna na roƙi Allah ya tsare min bakina ba.

Rana ta uku Faisal ya zo ɗaukata. Shi ne autan Baffa Usman, shekararsa talatin da huɗu, dogo, yana aiki a wani kamfanin motocin jigilar alhazai. Hausarsa rabi da rabi ce.

Ya rungume ni ya ce, "Ahlan Yaya Sabo. Yalla mu tafi, Baba yana jira tun subahi. Wallahi ya hana kowa sakat."

Gidansu a unguwar Tandabawi yake, cikin lungu mai hawa, ginin da, bene biyu. Na tarar da Baffa a keken guragu. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ɗaya, idonsa ma ya yi rauni, ga shi ya rame fiye da yadda muryarsa take nunawa a waya. Ya riƙe fuskata da hannu biyu ya daɗe yana dubawa, ya ce hancin babansa ne. Na ba shi hula ina ba da haƙurin warin daddawa. Ya shinshina ta ya ce kada wanda ya wanke, haka yake son ta. Hoton ƙofar gida kuwa ya kai shi dab da idonsa, ya sumbace shi, ya sa a aljihun gaba.

Aka kawo gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ina shanyewa a ƙara, ina shanyewa a ƙara. Ni a tarbiyyarmu ba a mayar da hannun mai bayarwa, su kuma a tasu ba a daina zubawa sai ka girgiza kofin. Na sha tara, zuciyata tana bugawa kamar ta tsere, kafin Faisal ya tausaya min ya nuna min yadda ake yi. Da safe wake ne dakakke da wani faffaɗan burodi da suke kira tamis, da rana shinkafa da rago a faranti ɗaya. Har tsire suna da shi, sun ɗan lanƙwasa sunan, kuma Larabawa layi suke yi a kansa. Matar Baffa ta yi tuwo da kukar da na kawo. Shi ya ci har da suɗe hannu, jikoki kuwa suka leƙa kwanon suka gudu.

A falon baƙi na ga abin da ya ba ni mamaki. Riguna ne na 'yan ƙwallo a rataye, kore da fari, an rubuta Kano da harafin Larabci. Na tambaya, sai Faisal ya gyara zama.

Ya ce wani abokinsu ne ya je karatu Ostireliya, ya ga yadda jihohi biyu a can suke karawa duk shekara a wasan zari-ruga, wasa uku, kuma kowane ɗan wasa asalinsa yake buga wa, ba garin da yake zaune ba. Da ya dawo ya zo da ƙwallon, mai siffar gwanda, ya ce su ma su yi haka: jikokin Kanawa da jikokin Sakkwatawa. Shekarar farko zari-rugar suka gwada da gaske. Mutum biyu suka karye a kafaɗa, iyaye suka ce ba su yarda ba. Sai suka koma ƙwallon ƙafa, amma suka riƙe tsarin: wasa uku duk shekara lokacin sanyi, wanda ya ci biyu shi zai ajiye ƙwallon gwandar nan a gidansa har baɗi. Ita ce kofinsu. Alƙalin wasa kullum daga 'yan Chadi ake ɗauko shi, don Kanawa sun ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za su yarda Bazazzagi ya hura musu usur ba.

Dokarsu ɗaya ce, kuma Faisal ne ya rubuta ta da hannunsa: kowa zai buga wa ƙasar da aka binne cibiyar kakansa na wajen uba.

Na yi dariya na ce, "Ku da ba wanda ya taɓa ganin Kano ko Sakkwato?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, a nan in na fita waje, wasu baƙo suke ganina ko da a nan aka haifi babana. In na zo wajenku za ku ce ga Balarabe. Amma ranar wasa kowa ya san ni ɗan Kano ne. Halas, shi ke nan."

Sannan ya rage murya. Shekara uku a jere Sakkwatawa ke riƙe da ƙwallon. Shi ne kyaftin, gwiwarsa ta gaji, wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Likita kuma bai ɓoye musu komai ba game da Baffa. Ya yi wa mahaifinsa alkawari cewa bana shi da kansa zai ɗora masa ƙwallon nan a cinya. An riga an buga wasan farko, Sakkwatawa suka ci.

Wasa na biyu da ni aka je, ranar Juma'a bayan la'asar, a wani fili mai ciyawar roba can bayan Rusaifa. Mutane sun cika gefe, tsofaffi a kujerun roba, ana zagayawa da shayi. Ana zagin alƙali da Larabci, ana yi wa 'yan wasa kirari da Hausa. Sakkwatawa suna kiran Kanawa 'yan tebur, Kanawa suna kwaikwayon "mi kac ce" suna dariya. Ni da na zo da niyyar kallon wasan yara, sai ga ni tsaye a kan kujera. Faisal a baya yake bugawa, ba ya gudu sosai, amma duk inda ƙwallo za ta faɗo kana ganinsa a can. Saura kaɗan a tashi ya sa kai ya ci. Baffa bai ga ƙwallon ba, idonsa ba ya kaiwa, ihun ya ji. Ya kamo hannuna yana tambaya, "Wane ne? Wane ne?" Na ce Faisal ne. Ya cire hular Kano ya ɗaga ta sama, hawaye yana bin gemunsa. Kanawa suka ci wasan, kowane ɓangare ya samu nasara ɗaya, saura wasan raba gardama Juma'a mai zuwa.

Suna da al'ada mai kyau. Kafin wasan ƙarshe, manyan ɓangarorin biyu sukan ci abincin rana tare, don kada wasa ya zama gaba. Bana gidan Baffa ne. Ranar Litinin bayan azahar falo ya cika. Akwai Nabil, kocin Sakkwatawa, saurayi mai kaifin ido da ke aiki a wani ofishin lauyoyi. Akwai kuma Alhaji Bello, dattijon Sakkwatawa, ya haura tamanin, ya yi shekaru yana sayar da tazbaha a Misfala, kuma ya san kakanmu ido da ido.

Bayan an ci an sha, Baffa ya sa aka ɗauko hoton mahaifinsa. Ban taɓa ganin fuskar kakana ba sai ranar. Hoto ne baƙi da fari, dattijo da rawani, a kumatunsa biyu tsaga ce jere daga gefen baki har kunne. Ina kallo na gane ta, kuma na tuna abin da kakata ta sha gaya min.

Baffa ya fara ba da labari. Ya ce mahaifinsa Bakano ne tun daga tushe, gidansu babban gida ne a birni, ga hoton ƙofar ma ɗansa Sabo ya kawo. Ya ce mutum ne da bai taɓa saɓa alkawari ba. Na tuna kakata a bakin kasko, hayaƙi yana cin idonta, ta mutu tana jiran mutumin da ya ce zai je ya dawo. Ƙofar da ake yawo da hotonta ta gidan ubanta ce, shi ko tubali ɗaya bai ɗora a wurin ba. Sai wani daga cikin samarin ya tsokane ni, ya ce ai su ne Kanawan asali, mu na gida mun gurɓace, Hausarmu ma rabi Turanci ce. Falo ya ɗauki dariya.

Kun san ni da gyara. Shekara talatin da biyu ba na barin kuskure ya wuce a aji. Na ajiye kofi na ce, "To, tunda ana maganar asali, bari malamin tarihi ya yi aikinsa. Ku dubi fuskar nan. Wannan tsagar Gobirawa ce, Bakano bai taɓa yin ta ba. Malam Garba a ƙasar Sabon Birni aka haife shi. Almajiranci da ɗinki suka kawo shi Kano yana saurayi, shekara huɗu kacal ya yi, ya auri kakata, ya tafi ya bar ta. Daga Kano ya taso, amma cibiyarsa tana ƙasar Sakkwato."

Wallahi har murmushi nake yi lokacin da na gama, ina jiran a ce kai, Malam ya san tarihi. Alhaji Bello ya sunkuyar da kai yana jan tazbaha. Faisal ya zuba min ido. Baffa ya ce a hankali, "Babana ya ce mana zanen mutanen da ne."

Nabil ne ya yi magana. Cikin ladabi ya ce, "Ya Ustaz, Sabon Birni a jihar Sakkwato take, ko?"

Sai a lokacin dokar ta faɗo min a rai. Na fara kame-kame, na ce ai wasa nake yi, ai labarin tsofaffi ne, ai iyakokin nan duk Turawa ne suka shata. Mutane suka fara neman takalmansu.

Washegari na sa aka kai ni wurin Alhaji Bello a Misfala. Na same shi a ɗan shagonsa da jikokinsa ke riƙe da shi yanzu, yana zaune a kan darduma. Na durƙusa na ce ya taimake ni ya kashe wutar da na kunna.

Ya ajiye tazbahar hannunsa. Sannan ya ce, "Malam Sabo, kana tsammanin kai kaɗai ka iya karatun fuska? Ni Bagobiri ne ta wajen uwa. Ranar da na fara ganin Malam Garba na san daga inda ya fito. Duk tsofaffinmu sun sani. Ya ce shi daga Kano yake, muka ce to. Mutumin da ya taka daga can zuwa nan da ƙafa, in ya zaɓi garin da zai ba 'ya'yansa, wa zai ƙwace musu? Shekara sittin muna riƙe da wannan magana. Kai kwananka nawa a garin nan?"

Na ce, "Tara."

Ya ce, "Tara." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Duk da haka ya yi ƙoƙari. Ranar Laraba bayan la'asar aka zauna a harabar masallacin unguwa, mutum uku daga kowane ɓangare, aka kira ni. Alhaji Bello ya ce a bar Faisal ya buga, shekara goma yana sa rigar Kano, ba a ranar ƙarshe za a tuɓe masa ita ba. Nabil ya ce shi ba shi da gaba da kowa, amma shekara biyu da suka wuce an cire musu ɗan wasan gabansu ana gobe wasa, saboda an gano kakansa Bakatsine ne, kuma Faisal ne ya tsaya kai da fata sai an cire shi. Sannan ya juyo gare ni.

"Ya Ustaz, tambaya ɗaya ce. Abin da ka faɗa gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne? In ka ce kuskure ka yi, mun bar maganar."

Ƙofa ce ya buɗe min, na gane. Amma ina zaune a Makka, askin Umara bai ma tofo ba, ana jin kiran sallar Harami daga inda muke. Na dubi Faisal ko zai yi min wata alama.

Shi ya cece ni daga ƙarya. Ya miƙe ya ce, "Kada ku sa Yayana rantsuwa. Ni na rubuta dokar, ni na cire ɗan wasanku da ita. Ba zan buga ba."

Nabil ya ce, to ai yanzu nasu ne, in yana so akwai riga a ɓangarensu. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na tabbata. Faisal ya dube shi kawai, ya sa takalminsa ya fita.

A mota na ce masa, "Faisal, ka yafe min. Ban yi tunani ba."

Ya ce, "Ma'alesh, ba komai, Yaya. Gaskiya ka faɗa." Da muka wuce danja biyu sai ya ƙara da cewa, "Amma da ka bari sai bayan Juma'a."

Ranar Juma'a Baffa ya ce ba zai je fili ba, ƙafarsa tana ciwo. Hular Kano tana rataye a ƙusa, ya sa farar tagiyarsa ta da. Na zauna da shi a falo, agogon bango kawai ke aiki. Faisal ya je, ya zauna a benci da jallabiya, yana miƙa wa 'yan wasa ruwa.

Kanawa suka ci, biyu da ɗaya. Na so a ce hakan ya rage min nauyi, amma bai rage ba. Bayan magariba muka ji hayaniya a lungu, ana buga hon ana waƙa. Samarin suka shigo da gumi a jikinsu, sabon kyaftin yana riƙe da ƙwallon gwandar, ta tsufa, fatarta duk ta yi baƙi. Ya miƙa wa Faisal ya ce shi zai ɗora. Faisal ya mayar da hannayensa baya. Sai yaron ya durƙusa da kansa ya ɗora ta a cinyar Baffa.

Baffa ya shafa ta da tafin hannu, ya bi ɗinkin da yatsa. Ya ce, "Allah ya yi muku albarka, kun yi ƙoƙari." Sannan ya ɗaga ta ya miƙa musu. "Ku kai ta gidan Kanawa, nan ba muhallinta ba ne."

Suka yi ta roƙo, Larabci da Hausa, wani har da sumbatar kansa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sauke hannu ba, har sai da suka karɓa. Suka fita shiru kamar masu dawowa daga jana'iza.

Ranar da zan taho na shiga yi masa sallama da safe. Na durƙusa a gaban kekensa na ce, "Baffa, ku yafe min. Haushin kakata ne ya fito ta bakina, ku kuma ba ku da laifi a ciki."

Ya dafa kaina ya ce ya yafe, duniya da lahira. Ya ce shi ma yanzu ya san an zalunci wata baiwar Allah a Kano, kuma ya sa ta a addu'a. Sai ya zaro hoton ƙofar gida daga aljihu ya sa min a hannu, ya ce in mayar wa masu shi. Na ƙi karɓa, ya naɗe yatsuna a kai.

Sannan ya ce, "Sabo, tunda kai ka san tarihi. Can Sabon Birnin, wane ƙauye ne?"

Na ce ban sani ba.

"Akwai wanda ya rage da ya san sunan babana? Ko mutum ɗaya da zan kira in gaisa da shi?"

Na ce ban sani ba, Baffa. Kakata ma ba ta taɓa zuwa ba.

Ya gyaɗa kai ya ce, "To." Na ɗauke masa gari guda da ya riƙe shekara saba'in da biyar, kuma ba ni da ko sunan ƙauye da zan ba shi a madadinsa. Faisal ya kai ni Jidda, ya ɗaukar min jaka har bakin layi, ya saya min ruwan zamzam, ya rungume ni kamar yadda ya yi ranar farko. Na'urar yatsa a wannan karon ba ta ba ni wahala ba.

Wannan shi ne labarin Makka da kuke ta tambaya. Umara dai na yi, Allah ya karɓa. Hoton yana cikin littafin da nake ajiye takardun gida, ban iya rataye shi a bango ba. Na fara tambayar direbobin da ke zuwa ƙasar Gobir ko za a dace da wani tsoho da ya taɓa jin labarin wani Garba tela da ya tafi Kano bai koma ba. Har yau ba wanda ya kawo min komai.

Baffa yana nan da rai, alhamdu lillahi, kuma ban fasa kiransa duk Juma'a ba. Yana ɗauka, yana sa min albarka, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Juma'ar da ta wuce ma mun yi magana. Bayan mun gaisa ya yi ɗan shiru a daidai wurin da ya saba yin tambayarsa, ni kuma ina jira.

Ya ce, "Sabo, yaya garinku?"